Darasi na 9: Zuba Jari a Kanka da Gyaran Fuskar Jadawali

A darasin da ya gabata kun buɗe jadawalin lissafi a waya ko kwamfuta, kun shigar da lambobi, kun sa na'ura ta tara muku su. Yau za mu gyara fuskar jadawalin, yadda wanda bai rubuta shi ba zai karanta shi ya gane ba tare da ya aika a kira ku ba. Amma kafin mu taɓa maɓalli, bari mu tsaya kan dalilin da zai sa matashi ya bar majalisa da yamma, ko matashiya ta gama aikin gida a gajiye, su zo su zauna a benci suna koyon abin da babu wanda ya tilasta musu.

Kasuwa tana neman mai rubutu

Ciniki ne ya gina Jega. Buhari ɗan Abdussalami ya kafa garin wajen 1820, kuma kafin ƙarshen wancan ƙarni kasuwarsa ta shiga sahun manyan kasuwannin Daular Usmaniyya. A wancan zamani ayarin fatake masu zuwa Gwanja neman goro suna yada zango a nan. Babban ayari ba ya tashi da madugu da jagaba kaɗai, akwai malami a cikinsa wanda alƙalami ke hannunsa. Yau manyan motoci ne ke bin hanyar Sakkwato zuwa Yawuri, suna ɗaukar albasar Aliero da shinkafar fadamun Maiyama su yi kudu da su, amma bukatar mai rubutu ba ta gushe ba. Ƙaruwa ma ta yi.

Ku duba kewaye da ku. Dillalin albasa yana hulɗa da manoma masu yawa a kaka ɗaya, wani an biya shi duka, wani an ba shi rabi, wani ya karɓi kuɗin taki tun kafin dashe za a cire masa. Ƙungiyar manoma tana bukatar jerin sunayen 'ya'yanta da lambobin asusunsu, kamar yadda aka nema lokacin shirin ba manoman shinkafa rance da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015. Mai shagon magani yana son sanin abin da ya kusa lalacewa. Uwar adashi tana riƙe da zubin mata 30 a ka da kuma ɗan littafin da ruwa ya taɓa jiƙawa. Duk waɗannan mutane suna da kuɗi a hannu, abin da suke nema shi ne wanda zai riƙe musu lissafi a fili, su kwana da kwanciyar rai. Yaron shagon da ya iya wannan shi ake fara damƙa wa makulli.

Wannan shi ne jarin da muke magana a kai. Mutumin Aliero ba sai an yi masa bayanin jari ba. Ya san albasar da aka sayar ranar da aka cire ta ba ta kawo abin kirki, don lokacin kowa ya fito da tasa. Wanda ya jure ya zuba ta a rudu, yana dubawa yana fitar da ruɓaɓɓiya, shi ke ganin farashi idan shekara ta ja. Matashi kuwa abin da ya fi mallaka shi ne lokaci da ƙarfi da ƙwaƙwalwar da ba ta riga ta cika da hidimar iyali ba. Waɗannan shekaru, daga 18 zuwa 30, ba sa dawowa. Bayan aure da haihuwa ana iya koyo, da yawanku ma shaida ne, amma kun fi kowa sanin yadda abin ke da wuya.

Ba kuɗi mai yawa ake bukata ba. Rabin awa a rana, kwana 6 a mako, awa 3 ke nan. A shekara ya haura awa 150. Wanda ya ba sana'a guda awa 150 da zuciya ɗaya ya wuce sahun 'yan kallo. Kuɗin datar da ke tafiya a kallon bidiyon barkwanci, ko kashi ɗaya cikin uku aka karkatar, ya isa a sauke manhaja a kalli darussa. Ni dai shawarata ita ce ku zaɓi abu ɗaya ku gama shi. Matasanmu da yawa sun taɓa ɗinki, sun taɓa gyaran waya, sun taɓa kwamfuta, babu wanda suka kai ƙarshensa, sai shekaru suka tafi ba a san su da komai ba. Ku kuma zaɓi abin da garinku ke saye. Mai neman gurbi a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, ko kwalejin kiwon lafiya ta Jega, dole ya saba da kwamfuta, tun da jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya a 2015. Wanda kuma ba ya da niyyar komawa makaranta, kasuwa na nan tana jiransa.

Shi kansa jadawalin na'ura ɗalibi ne ya ƙago shi. Dan Bricklin yana karatun kasuwanci a Jami'ar Harvard ta Amurka, ya gaji da sake lissafi tun daga farko duk lokacin da lamba ɗaya ta canza, sai shi da abokinsa Bob Frankston suka fitar da VisiCalc a 1979. Excel ya biyo baya a 1985, Google Sheets a 2006. Wanda ke wayarka, ko Google Sheets ne ko WPS ko Excel, duk jikokin wancan ne, kuma abin da za mu koya yau yana aiki a cikinsu duka, sai dai wurin da aka ajiye maɓallan ya ɗan bambanta.

Jadawalin da Alhaji ya kasa karantawa

A ce kai ne yaron wani dillali. Ka kwana kana shigar da cinikin mako, lissafinka daidai, ko kwabo bai ɓace ba. Da safe ka miƙa masa waya. Ya gyara tabarau, ya matso da ita, ya nisantar.

"Kai, wannan miliyan biyu ce ko dubu ɗari biyu?"

"Miliyan biyu da dubu ɗari da sittin ne, Baba Alhaji."

"To wannan layin fa, wanda aka biya ne ko wanda ake bin mu?"

Ka karɓi wayar, ka koma sama don ka duba kan layin, ka dawo ƙasa, ka rasa inda kuke. Alhaji ya ce a ɗauko masa tsohon littafinsa. Aikin dare guda ya tafi a banza, alhali babu kuskure ko ɗaya a ciki. Abin da ya gani shi ne 2160000, lambobi a cunkushe. Da 2,160,000 ya gani, da bai yi tambayar farko ba.

Jadawali kamar gonar albasa yake a fadama: idan an ja fangali a miƙe, an fitar da hanyar ruwa, mai gona daga bakin gona zai hango inda ya sha da inda bai sha ba. Za mu bi gyare-gyaren daga wanda ya fi muhimmanci. Ku buɗe jadawalin da kuka yi a darasin baya, mai layukan tsaye guda 7: kwanan wata, sunan manomi, lambar waya, yawan buhu, farashin buhu, abin da aka biya, saura.

Ku fara da layin kwance na farko, inda kanun suke. Ku taɓa lamba 1 da ke gefen hagu, layin gaba ɗaya zai haskaka. Ku danna harafin B mai kauri, rubutun zai yi kauri. Ku nemi ɗan hoton bokitin fenti ku zuba wa layin launi guda. A Google Sheets na waya, waɗannan duka suna ƙarƙashin harafin A mai 'yan layuka a gefensa da ke saman allo. Idan kun zuba launi mai duhu, rubutun ya zama fari. Idan mai haske ne, rubutun ya zauna baƙi. Ku tuna a tsakar rana cikin kasuwa za a karanta shi, a wayar da gilashinta ya tsage.

Daga nan sai ku kafe wannan layi don kada ya gudu idan an gangara ƙasa. A kwamfuta ku shiga inda aka rubuta View ku zaɓi Freeze. A waya ku taɓa lamba 1, ku sake taɓawa, zaɓin zai fito. Yanzu ko kun kai manomi na 200, kanun suna nan a sama. Wannan gyara na daƙiƙa kaɗan shi ne amsar tambayar Alhaji ta biyu, kuma idan abu ɗaya kawai za ku tafi da shi daga darasin yau, to ya zama shi.

Lambobi

A nan za mu daɗe, don a nan ake asarar kuɗi.

Ku haskaka layukan kuɗi guda 3, ku sa musu waƙafin dubbai. A Excel akwai maɓalli mai hoton waƙafi a sama, ko ku danna Ctrl da 1 tare, akwatin tsara lambobi zai buɗe. Ku cire sifiri biyun da ke biyo bayan ɗigo, tun da babu mai cinikin albasa da kwabo. Waƙafin kuwa ku bar na'ura ta sa shi da kanta. Kada ku rubuta harafin N a gaban lamba, kada ku rubuta "dubu 18" ko "18k" a cikin gurbi. Da zarar harafi ya shiga, na'ura ta daina ganin lamba, rubutu take gani, kuma idan ta zo tarawa za ta tsallake shi shiru ba tare da ta gaya muku ba. Jimilla ta fito da giɓi, kai kuma ka rantse ka shigar da komai. Akwai alamar da za ku gane wannan: na'ura tana jingina lamba a dama, rubutu a hagu. Idan kun ga kuɗi ɗaya ya koma hagu shi kaɗai a cikin 'yan uwansa, ku bincike shi. Saboda haka ne ma ba na son a tsakaita lambobin kuɗi don ado. A bar su a dama, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, dubu ƙarƙashin dubu.

Mai son alamar naira ta fito zai iya sa ta ta hanyar tsarin lamba. A akwatin da Ctrl da 1 ke buɗewa, ya zaɓi Custom ya rubuta "₦"#,##0. Hanya mafi sauƙi ita ce a rubuta kalmar naira sau ɗaya a kan layin, a ce "Farashin buhu, naira", a bar lambobin su sarara.

Lambar waya kuma akasin haka take bukata. Ku rubuta lamba mai farawa da sifiri ku gani: sifirin zai ɓace, don a lissafi sifirin farko ba ya da amfani. Idan kuka rubuta ta da 234 a gaba, Excel zai iya mayar da ita wani abu mai kama da 2.35E+12. Haka lambar asusun banki mai lamba 10, idan da sifiri ta fara, za ta koma 9, a je biyan manomi banki ya ce babu wannan asusu. Maganin shi ne ku gaya wa na'ura tun kafin ku fara shigarwa cewa wannan layi rubutu ne. Ku haskaka layin, ku zaɓi Text a tsarin lamba. Ko ku sa ɗan waƙafin sama, wato ', kafin lambar. Duk lambar da ba za a tara ta ko a ninka ta ba, irin ta waya da ta asusu da BVN da NIN, rubutu ce.

Kwanan wata yana da nasa tarko. Mu muna fara rubuta rana sannan wata, Amurkawa suna fara wata sannan rana, kuma na'urori da yawa da tsarinsu suke zuwa. Ka rubuta 3/4/2025 kana nufin 3 ga Afrilu, na'ura ta ɗauka 4 ga Maris. A bashin da aka yi alkawarin biya bayan wata guda, wannan rigima ce. Ku sa layin ya riƙa nuna sunan wata da haruffa, yadda zai fito 03-Apr-2025. Nan take za ku ga abin da na'ura ta fahimta, ku gyara idan ta juya.

Saura abu ɗaya da nake so ku riƙe da kyau. Gyaran fuska ba ya canza abin da ke ciki. Idan manomi ya kawo buhu 12 da rabi, kuka shigar da 12.5, sannan kuka cire abin da ke bayan ɗigo, allo zai nuna 13 amma na'ura da 12.5 za ta yi lissafi. Manomi ya duba ya ga 13, ya ninka da farashi a kansa, ya ga kuɗinsa bai cika ba, ya tafi da zargi a zuciya. A layin buhu ku bar gurbi ɗaya bayan ɗigo. Wannan ya kawo mu ga maganar amana. Wanda ya iya gyaran fuska ya iya ɓoye layi, ya iya mayar da rubutu fari a kan fari yadda ido ba zai gani ba. Ranar da aka kama ka da irin wannan sau ɗaya, sana'ar ta ƙare maka daga Jega har Andarai, don labari a kasuwa ya fi mota sauri. Abin da kake sayarwa shi ne yardar da aka yi maka, iya danna maɓalli kowa zai koya.

Faɗi, iyaka da launi

Idan kun ga gurbi ya cika da ####, kada ku firgita, lambarku tana nan, wurin ne ya yi mata kaɗan. Ku ja iyakar layin daga sama ku faɗaɗa, ko a kwamfuta ku danna iyakar sau biyu ta daidaita kanta. Kanu mai tsawo kuma ku sa shi ya naɗe zuwa layi biyu da maɓallin Wrap, maimakon ku faɗaɗa layin har ya cinye allon waya. Ku ja siririn layi kewaye da gurabe, ku ja mai kauri a saman jimilla, ku kaurara jimillar. Haɗe gurabe biyu su zama ɗaya yana da kyan gani, amma a tsakiyar jadawali yana hana jera sunaye daga baya. Ku bar shi sai a take kawai.

Wajen zaɓen salon rubutu, ku gwada shi da kalmomin ƙasa, ɗaki da ɓera. Idan ƙ da ɗ da ɓ suka fito daidai da sauran haruffa, ku riƙe shi. Idan suka zama ɗan akwati ko suka yi dabam, ku canza. Salo ɗaya ya isa jadawali duka.

Launi shi ne inda sabon koyo ke zarcewa. Ranar da ya gano bokitin fenti, kowane layi sai ya sami nasa, ja da kore da ɗorawa da shuɗi, har ido ya rasa inda zai sauka. Launi biyu sun isa, ɗaya na kanu, ɗaya na gargaɗi. Kowane launi ya kasance da ma'ana guda, kuma ku rubuta ma'anar a gefe.

Na gargaɗin ma ba sai kun riƙa sa shi da hannu ba. Ku haskaka layin saura, ku shiga Conditional formatting, ku kafa sharaɗi: duk gurbin da lambarsa ta fi sifiri ya zama ja mai haske. Daga yau duk manomin da bai karɓi cikon kuɗinsa ba zai fito da ja, ranar da aka biya shi kuka shigar, jan ya tafi da kansa. Alhaji ko bai iya karatun boko sosai ba zai ga ja, ya san akwai haƙƙin wani a kansa. Sai dai kada ku dogara da launi kaɗai. Akwai mutane, galibi maza, da ba sa bambance ja da kore sosai, kuma yawancin shagunan buga takarda baƙi da fari suke bugawa. Ku ƙara layin tsaye na 8 ku riƙa rubuta "an biya" ko "saura".

In za ku buga, ku fara duba yadda zai fito a takarda. Ku kwantar da takardar a faɗinta, ku zaɓi a matse duk layukan tsaye su shiga faɗin shafi ɗaya. In ba haka ba layin saura zai fita shi kaɗai a wata takarda, ku biya kuɗin shafi biyu a kan abin da ba ya karantuwa.

Aiki

1. Ku gyara jadawalin darasin baya da duk abin da muka bi. Ku shigar da wannan a matsayin gwaji, farashin na misali ne: buhu 120 a kan naira 18,000, an biya 1,500,000. Idan gyaranku ya yi, saura zai nuna 660,000 kuma gurbin zai yi ja.

2. Ku miƙa wayar ga wani babba a gida ko a shago wanda bai ga jadawalin ba. Kada ku yi masa bayani. Ku tambaye shi wane manomi ke bin kuɗi mafi yawa, ku yi shiru ku kalli inda idonsa ya tsaya da inda yatsansa ya yi ta yawo. Ku rubuta duk tambayar da ya yi muku, ku zo da ita aji, don kowace tambaya tana nuna wurin da bai gyaru ba.

3. Ku buɗe sabon shafi a cikin jadawalin ku sa masa sunanku. Layukan tsaye 4: kwanan wata, abin da na koya, minti nawa, nawa na kashe. Ku kafe kanun, ku sa kwanan wata ya nuna sunan wata, ku kafa sharaɗi yadda duk ranar da ta gaza minti 30 za ta yi ja. Ranar da ba ku koyi komai ba ku shigar da sifiri, kada ku tsallake ta. Masu koyon ɗinki ko walda ko haddar Alƙur'ani su ma su shigar da nasu, ba na kwamfuta kaɗai ba ne. Za mu buɗe wannan shafi tare a darasi na 12, mu yi amfani da lambobinku wajen koyon zana jadawalin hoto.